Yafiya a koyarwar Kirista

Yafiya, ko gafara, a addinin Kirista ita ce mutum ya bar hakkin da yake bin wanda ya cuce shi, ya kuma cire ɗacin daga ransa. Tushen koyarwar dai shi ne Allah ya riga ya yafe wa mutum, don haka shi ma bai da hujjar riƙe ɗan'uwansa.

A Littafi Mai Tsarki

Tun a Tsohon Alkawari akwai maganar, Littafin Firistoci 19:18 ya hana ramuwa da riƙon mutum a zuciya, sannan ga labarin Yusufu da ya yafe wa 'yan'uwansa da suka sayar da shi. Amma a Linjila ne abin ya fi ƙarfi. A Addu'ar Ubangiji, wadda Yesu ya koya wa almajiransa, mutum da bakinsa yake roƙon a gafarta masa kamar yadda shi ma yake gafarta wa wasu, kuma Matta 6:15 bai ɓoye ba, wanda bai yafe ba shi ma ba za a yafe masa ba. Da Bitrus, almajirin Yesu, ya tambaya ko yafiya sau bakwai ta isa sai Yesu ya ce bakwai har sau saba'in, ya kawo misalin bawan da sarki ya yafe wa bashin talanti 10,000, kuɗin da ko jikokinsa ba za su iya biya ba, amma yana fita ya shaƙe abokin aikinsa kan dinari 100 (Matta 18). Kan ɗacin rai kuwa an fi jan Afisawa 4:31-32 da Ibraniyawa 12:15.

Tarihi

Rigimar farko ta taso ne kan wa za a sake karɓa cikin ikilisiya. Wajen shekara ta 250 sarkin Roma Desiyus ya tilasta wa kowa yin hadaya ga gumaka, Kiristoci da yawa suka yi don tsira da rai, da ƙura ta lafa kuma suka dawo suna neman shiga. Nobatiyan, wani malamin coci a Roma, ya ce sam, Sifiriyan bishop ɗin Kartaj ya ce a karɓe su bayan tuba mai tsawo, kuma ra'ayinsa ne ya yi rinjaye. Kusan irin wannan ce ta sake ɓarkewa a Arewacin Afirka wajen 311 da mabiya bishop Donatus, ta kuma ja fiye da shekara ɗari, har zamanin bishop Agustin ana ta fama. A 1215 majalisar Lateran ta huɗu, wato babban taron bishop-bishop a Roma, ta wajabta wa kowa furta zunubi gaban fada, wato limamin coci, aƙalla sau ɗaya a shekara, abin da Furotesta suka ajiye daga baya. A zamanin nan an fi tuna Paparoma John Paul na biyu da ya je gidan yari a 1983 ya gana da mutumin da ya harbe shi a 1981.

Saɓani

Wasu malaman na cewa sai mai laifi ya tuba, hujjarsu Luka 17:3, wasu na cewa ba sharaɗi tunda Yesu a kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara. Galibi dai an yarda yafiya ba ta hana kai ƙara kotu.

A Kaduna

A jihar Kaduna batun ba na takarda ba ne, duba da rikicin Kafanchan a 1987, na Zangon Kataf a 1992 da rikicin shari'a na 2000. Fasto James Wuye da ya rasa hannu a rikicin 1992 da Imam Muhammad Ashafa da aka kashe wa malami da 'yan'uwa sun haɗu wajen 1995 suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai, suna kuma cikin waɗanda suka tsaya aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002. A cocin ECWA, HEKAN, Katolika da Anglikan akan tuna wa mutane su shirya da wanda suke gaba da shi kafin cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi da ake raba wa masu bi don tunawa da mutuwar Yesu.