Gidan Gona na Woolsthorpe: Tambayoyi da Amsoshi

Wane gida ne wannan, kuma ina yake?

Tsohon gidan gona ne na dutse a ƙauyen Woolsthorpe, kusa da garin Grantham a lardin Lincolnshire na ƙasar Ingila, kuma a cikinsa aka haifi masanin kimiyya Isaac Newton a shekarar 1642. Kakansa ne ya sayi gonar a 1623. Ko da yake ana kiransa Woolsthorpe Manor, suna irin na gidajen masu sarauta, gida ne na manoma masu rufin asiri waɗanda akasarin dukiyarsu tumaki ce.

Yaya aka gina shi?

Ginin na farkon ƙarni na 17 ne, kuma da dutsen farar ƙasa na yankin aka yi shi. An jera duwatsun bango sahu-sahu, sannan aka sa manya waɗanda aka sassaƙe da kyau a kusurwoyi domin su riƙe ginin. Tagoginsa ƙanana ne, kowace da siraran ginshiƙan dutse da suka raba ta gida-gida, abin da ya dace da ƙasa mai sanyi a zamanin da gilashi ke da tsada. A jikin bangon ciki har yanzu akwai zane-zanen da aka karta, waɗanda ake danganta wasu daga cikinsu da Newton yana yaro.

Me ya faru a nan da ya sa ake tunawa da shi?

Da annoba ta sa aka rufe Jami'ar Kambirij, inda yake karatu, a 1665, Newton ya dawo gida, inda ya duƙufa kan lissafi da nazarin haske da ƙarfin da ke janyo abubuwa ƙasa. Abin mamaki, a baya mahaifiyarsa ta cire shi daga makaranta don ya kula da gonar, amma noma ya gagare shi. Bishiyar tuffa da aka ce faɗowar 'ya'yanta ce ta sa shi tunanin wannan ƙarfi tana nan a farfajiya. Guguwa ta taɓa kayar da ita, ta sake tohowa.

Wace irin kariya yake da ita?

Ƙungiyar National Trust, mai adana wuraren tarihi, ce ke kula da shi tun 1943, kuma yana cikin aji na ɗaya a jerin gine-ginen tarihi na Ingila, wanda shi ne mafi daraja. Sauya fasalin irin wannan gini ba tare da izinin hukuma ba laifi ne a doka. Wajen gyara tsohon bangon dutse kuwa, farar ƙasa ake amfani da ita maimakon siminti, domin siminti yana tsare danshi a ciki har dutsen ya riƙa ɓarɓashewa.