Manhajar leƙen asiri a waya da kwamfuta: abin da dokar Najeriya ta tanada

Wani magidanci ya shiga shagon gyaran waya a cikin garin Sakkwato, ya ajiye wayar iyalinsa a kan tebur, ya rage murya ya nemi a saka masa abin da zai riƙa turo masa saƙonninta ba tare da ta sani ba. Da mai shagon ya nuna ɗari-ɗari, sai ya ce, "Ina laihina, ba ni nis sai mata wayar ba?" Wannan tambaya tana buƙatar amsa ta shari'a, domin mutane da yawa sun ɗauka cewa wanda ya biya kuɗin na'ura shi ke da iko da duk sirrin da ke cikinta, alhali doka ba ta kalli lamarin ta wannan fuska ba.

Manhajar leƙen asiri ita ce wadda ake dasawa a ɓoye cikin waya ko kwamfuta, ta riƙa kwashe saƙonni da hotuna da wurin da mutum yake, wata ma ta naɗe duk harafin da ya danna har da lambar sirrinsa ta banki, sannan ta aika wa wanda ya dasa ta. Mafi shahara a cikinsu ita ce Pegasus ta kamfanin NSO Group na Isra'ila, wadda kamfanin WhatsApp ya kai ƙara a kanta a 2019 bisa zargin kutse a wayoyin mutane kusan 1,400. Sai dai irin wannan tana da tsadar gaske, kuma gwamnatoci ake sayar wa. Wadda ta fi barazana ga ɗan kasuwa ko ɗalibar jami'a ita ce mai araha, wadda ke buƙatar wani ya riƙe na'urar a buɗe na 'yan mintuna kawai.

Tushen kariya yana cikin sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. Hukuncin kuwa yana cikin Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Sashe na 12 na dokar ya ce duk wanda da gangan, kuma ba da izini ba, ya yi amfani da wata dabara ta fasaha ya tare bayanan da ba na jama'a ba yayin da suke shiga ko fita daga na'ura, ya aikata laifi, kuma za a iya ɗaure shi har shekara 2, ko a ci shi tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko a haɗa masa duka biyun. Kalmar da ta ɗauki nauyin sashen ita ce izini. Sashen bai ware miji ko mata ba, bai ware saurayi ko maigida a wurin aiki ba, kuma rasidin sayen waya ba takardar izinin karanta saƙonnin wanda ke amfani da ita ba ne. A garin da yara ke tashi da karatun Suratul Hujurati, inda aya ta 12 ta hana bin diddigin sirrin juna, wannan hani ba baƙo ba ne. Abin da dokar ta ƙara shi ne adadin shekaru da na tara.

Mai shagon ma bai tsira ba idan ya amsa. Sashe na 28 ya haramta ƙera ko sayar ko rarraba wata na'ura ko manhaja da aka tsara domin aikata laifin da ke cikin dokar, kuma hukuncinsa yana iya kaiwa shekara 3 ko naira miliyan 7. Kuɗin aikin da za a miƙa masa bai kai ko kusa da wannan ba.

Akwai wuraren da doka ta buɗe ƙofa, amma da sharaɗi. Sashe na 39 ya ba alƙali ikon umartar kamfanin sadarwa ya tare saƙonnin wani idan an gabatar masa da bayani bisa rantsuwa cewa ana buƙatarsu domin binciken laifi. Kamfani ko makaranta na iya sa ido a kan kwamfutocin da ta mallaka, sai dai Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta a sami hujjar da doka ta yarda da ita, kuma a sanar da mutum abin da ake tattarawa a kansa da dalilin tattarawar. Wannan doka ta keɓe abin da mutum ya yi domin harkar kansa ko ta cikin gida, amma ta ɗaure keɓewar da sharaɗin kada ta keta haƙƙin sirri na wani, wanda a ganina shi ne ya toshe hanyar da magidancin nan ke son bi. Uban da ya saka manhajar kula da abin da ƙaramin yaronsa ke kallo yana kan matsayi dabam da wanda ya dasa wa baligi ido a ɓoye.

Kariya tana farawa ne daga hannun da ake miƙa wa na'ura. Wanda zai bar wayarsa a wurin caji ya kashe ta ko ya kulle ta, wanda zai kai gyaran fuskar waya kuma ya tsaya a yi a gabansa idan da hali, domin yawancin irin wannan gyara ba ya buƙatar lambar buɗewa. Manhajar da aka turo ta WhatsApp da sunan tallafi ko bashi, ko aka tura daga wayar aboki, ta fi haɗari a kan wadda aka sauke daga Play Store, kuma bai kamata a kashe Play Protect, wato tsarin da ke bincikar manhajoji masu cutarwa a wayar Android, ba ko da wani ya ce yana hana aiki. Yana da kyau lokaci-lokaci mutum ya shiga saitin wayarsa ya duba waɗanne manhajoji ne ke da izinin kyamara da makirufo da karanta saƙo, ya kuma duba jerin na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ɗinsa, domin sau da yawa leƙen ba ya buƙatar wata manhaja, haɗawar nan kaɗai ta isa. A kwamfutar shagon intanet, inda ɗalibai ke cike fom, kada a shiga asusun banki, kuma a sauya kalmar sirrin imel bayan an dawo gida. Saurin ƙarewar batir da zafin waya alamu ne masu rauni, musamman a bazarar Sakkwato da kowace waya ke ɗaukar zafi.

Wanda ya gano an dasa masa irin wannan manhaja kada ya yi gaggawar goge komai, domin da ita ce zai kafa hujja. Ya ɗauki hoton abin da ya gani da wata wayar, ya sauya kalmomin sirrinsa daga na'urar da ya amince da ita, ya sanar da bankinsa idan akwai alamar an taɓa asusunsa, sannan ya kai rahoto ga 'yan sanda, waɗanda ke da cibiya ta musamman kan laifukan intanet a Abuja. Idan kamfani ko ma'aikata ce ta yi, yana iya kai koke ga Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya. Shari'ar laifukan da ke cikin dokar 2015 kuwa Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin saurarenta, kuma tana da reshe a nan Sakkwato.