Ba kowane mai ratsin ɗorawa ba ne ƙudan zuma

An daɗe ana ɗauka cewa duk ƙwaron da aka gani kan fure da ratsin baƙi da ruwan ɗorawa ƙudan zuma ne. Ina! Akwai ƙudaje masu kwaikwayon kamanninsa, ko harbi ba sa yi.

In ka ɗauki hoton ƙwaron, ka ƙara girman hoton ka duba kansa. Ƙuda yana da manyan idanu da suka kusan cinye fuskar, da 'yan ƙahonni gajeru, fukafukansa biyu. Ƙudan zuma fukafukai huɗu gare shi, ƙahonninsa dogaye, jikinsa duk gashi, sau da yawa da garin fure manne a ƙafafun baya.

Ire-iren ƙudan zuma sun haura 20,000 a duniya. Yawancinsu ba su san amya ba, ba sa tara zuma, kowace mace raminta take haƙawa ita kaɗai.