Kebul ɗin Gilashin VR: Abin da Ake Iya Gyarawa da Yadda Ake Kare Shi

Hotona ya fara fitar da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli, wani lokaci ma ya ɗauke gaba ɗaya. Kebul ne?

Sau da yawa shi ne, amma kada ka yanke masa hukunci tukuna. Zare shi daga kwamfuta ka mayar da kyau, ka gwada wata kafar a jikin katin hoto (ɓangaren kwamfuta da ke fitar da hoto), sannan ka duba inda ya shiga jikin gilashin VR ɗin, wato na'urar da ake sawa a ido a ga hoto kamar ana cikinsa, don a wasu na'urorin yakan ɗan zame a ɓoye ƙarƙashin soson da ke taɓa fuska. In abin bai canza ba, sa gilashin a kai, ka riƙa bin kebul ɗin da yatsu biyu kana ɗan motsa shi a hankali. Inda ka taɓa hoton ya ƙifta ko sauti ya yanke, nan ciwon yake.

Me ke lalata shi, alhali ban taɓa jan sa da ƙarfi ba?

Murɗewa. Mai wasa yakan juya ta ɓangare guda ba tare da ya sani ba, sau goma, sau ashirin, kuma kowane juyi yana taruwa a jikin kebul. Idan ka ga ya fara nannaɗe kansa kamar igiyar da aka tufka ta yi yawa, to ya jima yana shan wahala. Daga nan sai ya yi ƙulli, a taka ƙullin, ko tayar kujera ta bi ta kai.

Ka san abin da ke ciki kuwa? Siraran wayoyin tagulla ne bibbiyu, an tufka su tare, an naɗe su da ƙarfe mai kama da takarda. Ɗauki gilashin Valve Index da ya fito a 2019: kowane ido yana da ɗigon hoto 1440 sau 1600, kuma hoton na iya sabuntawa har sau 144 a daƙiƙa. Duk wannan, da bayanan USB, da wutar da gilashin ke ci, ta cikin kebul ɗaya suke bi. Waya ɗaya ta tsage a ciki, ko da fatar waje lafiya lau, hoto ya lalace.

To in yanke wurin in haɗa da dalma mana?

Ni dai ba na ba kowa wannan shawara. Wannan ba wayar fitila ba ce da za a fere a ɗaura. Wayoyin da ke ɗauke da hoto dole su zo daidai a tsawo da tufka, rufinsu kuma ya zauna yadda yake; da zarar an buɗe, saƙon ya gurɓace, ko da ƙwararre ne ya haɗa. Wasu kebul ɗin ma, kamar na Link mai mita 5 da ake haɗa gilashin Quest da kwamfuta, zare mai ɗauke da haske (fiber) ne a ciki, dalma ba ta da abin yi da shi. In ciki ya mutu, sai sabo. Kuma kafin ka taɓa komai, duba ko garantinka bai ƙare ba, musamman a kan irin PlayStation VR2, wanda kebul ɗinsa mai mita 4.5 ba a yi shi don mai amfani ya cire ba.

Idan fatar waje kaɗai ta tsage fa?

Wannan kam ana gyarawa. Cire shi daga wuta, goge wurin, naɗa baƙin tef irin na masu aikin lantarki, ka wuce tsagar kaɗan ta kowane gefe. Akwai kuma robar da ke tsukewa in ta ji zafi, sai dai kada ka kusantar da zafin sosai, don abin da ke ƙarƙashi ba ya jure shi.

Yaya zan kare wanda nake da shi yanzu?

Fara da wurin da ya fita daga gilashin, nan ya fi shan lanƙwasa. Ɗaure shi a jikin maɗaurin kai, ka bar masa ɗan sassauci, yadda in an fizge shi maɗaurin ne zai ɗauki nauyin. Sa masa saƙaƙƙiyar riga don taku da gogayya, amma ka sani rigar ba ta hana murɗewa. Wasu suna rataye shi a silin da ƙugiyoyi masu zare; yana kawar da shi daga ƙafa, amma shi ma sai ka bar masa sarari, kada ya riƙa ja da kanka. Akwai manhajoji irin su TurnSignal da ke nuna maka sau nawa ka juya, don ka koma ta ɗaya ɓangaren.

Bayan wasa fa?

Ɗaga gilashin sama, ka bar kebul ya warware murɗinsa, ka bi shi da hannu har ƙarshe. Naɗe shi da faɗi, zagaye kamar bakin faranti, kada ka naɗa a gwiwar hannu, sannan ka rataye shi inda ƙafa, kujera da haƙorin mage ba za su kai ba.