Jama'a, a daina aron takardar awon maƙwabci kafin haƙa burtsatse

Duk rani abu ɗaya muke tararwa. Unguwa ta yi karo-karo, ko manomi ya sayar da amfanin gona, injin haƙa ya nutsa mita 60, ba abin da ke fitowa sai ƙura. In ka nemi takardar awon ƙasa, sai a miƙo maka ta gidan maƙwabci, wai ai ƙasar duk ɗaya ce. Haba jama'a! Ba ɗaya ba ce.

Galibin Kano da Kaduna da kudancin Katsina a kan dutse suke zaune. Ruwan yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, da kuma cikin tsagogin dutsen. Tsagar da ta ba maƙwabcinka ruwa tana iya kauce wa filinka gaba ɗaya.

Mai awo yana kafa turakun ƙarfe huɗu a layi guda. Biyun waje su tura lantarki cikin ƙasa, biyun tsakiya su auna. Na'urar tana juya wutar gaba da baya a hankali, don kada caji ya taru a jikin turakun, kuma don ta soke ɗan lantarkin da ƙasa ke ɗauke da shi tun asali. Daga nan a zuba alƙaluman a kwamfuta, ta zana hawa-hawan ƙasar. Dutse mai tauri yakan haura om-mita 1,000 (om-mita shi ne ma'aunin yadda ƙasa ke hana lantarki wucewa). Yumɓu kuwa yakan faɗo ƙasa da 20, kuma nan ne ake yaudarar mutane, don ƙasa mai ruwa takan ba da ƙaramin adadi, amma ƙaramin adadi ba kullum yake nufin ruwan da za a iya janyowa ba. Kwamfuta abin da aka ba ta take taunawa. To ina amfanin zanen da aka fitar daga filin wani?

Mun san kuɗi ya yi wuya, wallahi mun sani. Amma kuɗin awo bai kai ko kusa da asarar busasshen rami ba. Kar a ari takarda, kar a sayi wadda aka rubuta a ɗaki ba a taka filin ba.

Ranar awo ku tsaya a wurin:

- A auna wuri uku ko fiye, ba ɗaya ba.
- Tazarar turakun waje ta ninka zurfin da ake nema aƙalla sau uku.
- A nisanci taransifoma da layin wuta. Wutar gari tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, tana kuma malala cikin ƙasa ta dagula awon. Haka bututun ƙarfe da shingen waya.
- In ƙasa ta bushe, a zuba ruwan gishiri a gindin turakun.
- Takardar ta nuna kwanan wata da lambobin GPS, sannan a kafa turke a daidai inda za a haƙa.

Ranar haƙa kuma, kar a bar direban inji ya matsa daga turken don ya samu wurin juya mota.