"Atomatik" a gwajin Pap: me na'urar take yi ne?

Tun da aka fara yi wa 'yan mata rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, a Najeriya a watan Oktoban 2023, zancen sankarar bakin mahaifa ya cika rediyo. Da shi wata kalma ta biyo: wai yanzu gwajin Pap, wanda ake yi don gano alamun wannan sankara, ya zama "atomatik", na'ura ce ke gano cutar. Har na ji wani mai gabatar da shiri yana cewa an huta da likita. Ina!

Shi Pap ɗin ba koko ba ne. Guntun sunan George Papanicolaou ne, likita ɗan Girka da ya yi aiki a Amurka, wanda ya fara bayyana dabarar a 1928.

Asalin aikin rini ne. Ƙwayoyin da ake shafowa daga bakin mahaifa kusan ba su da launi, sai an rina su a kan ɗan gilashi kafin a gan su a madubin likita. Ana fara tsomawa a hematoksilin, rinin da ake samu daga wani itace na yankin Meksiko, ya mayar da cibiyar ƙwaya shuɗiya, sannan wasu rinin su ba jikinta ruwan lemo, ja-ja ko kore-kore. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya san hannu ba ɗaya ba ne: wannan ya daɗe da tsomawa, wancan ya yi gaggawa, baba ɗaya amma zane biyu. A ɗakin gwaji wannan bambancin ba ado ba ne. Rini ya yi yawa, lafiyayyar ƙwaya ta yi duhu kamar mai cuta. Ya yi kaɗan, mai cutar ta ɓuya. Ma'anar "atomatik" ta farko ke nan: na'urar rini, wadda a nan ta fi mu, don ba ta gajiya, ba ta amsa waya.

Ɗaya ma'anar ita ce na'urar dubawa, kuma nan ake cakuɗawa. Wata irinta, ta tsarin gwajin da ake kira ThinPrep, wadda Amurka ta amince da ita a 2003, wurare 22 take zaɓowa a gilashi ta ce wa ma'aikaci "leƙa nan". Mutum ne ke leƙawa. In ya ga abin zargi, ya bi gilashin gaba ɗaya, ya miƙa wa likitan gwaji. Ko shi ma zargi ya gani. Tabbatar da sankara sai an yanki ɗan nama an duba.

Ni da za a bi tawa, "ɗan aiken marini" za a riƙa kiran na'urar.