Sharar gidanka da ruwan Agusta

Washegarin wani ruwa da aka kwana ana tafkawa a watan Agustan bara, mai unguwa ya aiko a kira ni tun ban karya kumallo ba. Na iske lungun ba ya shiguwa sai an naɗe wando har gwiwa. A gida na uku wata dattijuwa na zaune a kan turmi, jikokinta suna kwarfe ruwa daga ɗaki da kwanon sha da tsohon bokitin fenti. Buhun masarar da ta saya da kuɗin adashe yana jingine da bango, rabinsa ya sha ruwa. Na ce, "Sannu Iya, ya muka ji da wannan abu?" Ta ce, "Ɗan nan, a gidan nan aka kawo ni amarya, a nan na aurar da 'ya'yana. Ruwa bai san hanyar ɗakina ba sai 'yan shekarun nan."

Da samarin unguwa suka ɗaga murfin kwalbatin bakin titi, ba mu ga ruwa yana gudu ba. Abin da muka gani ya fi kama da bango. Ledar fiya-wata ce ta haɗu da baƙar leda da robobin lemo da ƙunzugun jarirai na zamani, yashi ya cike tsakaninsu, sai wata tsohuwar katifa da ta tokare bakin gaba ɗaya. Da manjagara da shebur muka yi ta fama har azahar. Ana janye katifar ruwan ya yi wata irin ƙara ya wuce, kafin la'asar lungu ya tsane. Ba wanda ya ce katifarsa ce.

Aikina duba-gari ne, kuma na daɗe ina yawo a lungunan Kano. Duk inda na tsaya ina wannan magana sai an sami mai cewa, "Malam, ruwa ai na Allah ne." Haka ne, ba musu. Amma ruwan da ke sauka yanzu ya sauya hali. Iska in ta ƙara zafi da digiri ɗaya, tana iya riƙe ƙarin danshi kamar kashi 7 cikin ɗari, shi ya sa in hadari ya haɗo sai ya juye a awa biyu abin da a da yake ɗaukar kwanaki yana yayyafawa. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan adam tun daga 1982, ya gano cewa manya-manyan hadura masu ƙarfi a yankinmu na Sahel sun ninka sau uku. Mun kuma gani da idonmu. A 2022 ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A watan Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Maiduguri, a watan ne kuma tsohon masallacin Damagaram na ƙasa ya rushe saboda ruwan sama. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Wani ɗalibi ya taɓa tare ni da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka da Sin ne ya ɗumama duniya, me ya sa za a zo ana damun talakan Kano? Gaskiyarsa ce ta wani ɓangare, domin abin da Afirka gaba ɗayanta ke fitarwa na wannan iska bai kai kashi 4 cikin ɗari ba. Na ce masa to mun ji, amma katifar nan ba daga Amurka aka aiko ta ba.

Birnin nan yana da dabararsa ta zama da ruwa tun kafin a san siminti. Duk ƙasar da aka gina gidajen cikin birni da ganuwa, haƙo ta aka yi, ramukan da aka bari su ne kududdufai. In an yi ruwa, indararo ya zubo tsakar gida, rariya ta fitar da shi lungu, lungu ya kai shi kududdufi, abin da ya yi saura ya gangara rafin Jakara. Kududdufi yana da nasa aibin, ba zan ɓoye ba: sauro, wari, da yaran da suke faɗawa. Amma shi ne tulun da ke karɓar ruwan unguwa. Muka cike su da shara, shara ta daskare, aka yanka filoti aka yi gini. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. In ya zo inda ya saba kwana ya tarar da shago, cikin shagon zai kwana. 'Yan Kantin Kwari sun ga haka a daminar 2022, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya lalata atamfofi da shaddoji, kuma 'yan kasuwar da bakinsu suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyar ruwa.

Haka ita ma shara tana da inda take zuwa a da. Wanda ya tashi a bakin ƙofofin gari zai tuna jakuna da mangala da rani: su shigo da itace da kara, su koma ƙauye da taki. Toka, kashin awaki, ɓawon gyaɗa, sharar tsakar gida, duk manomi yana so, har biya yake yi. Da wannan taki ne gonakin kewayen Kano suka daɗe ana noma su shekara da shekaru ba hutu. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne komai na cikin sharar ruɓewa yake. Cefane a kwando ake yi, nono a ƙwarya, tsire a takarda, goro a ganye. Yau ka sayi magi na ɗan kuɗi kaɗan a ƙulla maka a leda, a sa ledar cikin wata ledar. Manomi in ya ga bola yanzu sai ya yi tsaki, domin sai ya ɗauki yara sun tsince ledar kafin ya watsa a gona, in kuwa ya bar ta, ta hana ruwa ratsa ƙasa ta shaƙe saiwa. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin saniya ko akuyar da ta yi kiwo a cikin gari. Wani dunƙulen ledar sai an sa hannu biyu. Dabba tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen maganin tsutsa.

To, shara ta rasa mai ɗauka, sai mutane suka samo mata hanya biyu, kuma dukkansu mu suke dawowa.

Ta farko ita ce a jira hadari. Da an fara yayyafi sai ka ga yara suna fitowa da bokitan shara suna juyewa a kwata, wai ruwa zai tafi da ita. Zai tafi da ita ɗin, amma zuwa kwalbatin farko kawai. Daga nan kwata ta cika ta tumbatsa, ta haɗu da masan da ya cika, ruwan ya bi ƙasa ya shiga rijiyar da ba ta da murfi ko fasasshen bututun famfo. Bayan kwana biyu ko uku sai a fara kawo mana masu amai da gudawa. Kwalara tana iya ƙarar da ruwan jikin babban mutum cikin awoyi, balle yaro. Duk wanda ya fara zawo kamar ruwan shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a kuma nufi asibiti ana ba shi a hanya, kada a ce sai gari ya waye. A irin wannan lokaci ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa sinadarin kulorin, ko da daga 'yan garuwa aka saya. Sai kuma sauro. Mai kawo zazzaɓi ya fi son ruwan sama da ya kwanta a rami, a sawun mota, a filin da ruwa ya rasa mafita. Da zafin damina, mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishi ƙwansa ya zama sauro mai tashi.

Ta biyu ita ce a cinna mata wuta, kuma wannan ta fi damuna, saboda mai yi yana ganin tsafta yake yi. Ku lura da safiyar hunturu: hayaƙin bola ba ya tashi sama, shimfiɗuwa yake yi a kan unguwa daidai tsayin mutum, domin sanyin da ke ƙasa ya danne shi. A lokacin ne yara ke tafiya makaranta. Ga ƙurar hazo, ga hayaƙin Adaidaita Sahu da manyan motoci, ga na janareto, sai mu ƙara da na leda da taya. A cikin hayaƙin nan akwai ɓurɓushi ƙanana da gashin hanci ba ya iya tarewa, suna wucewa can cikin huhu har su shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana kashe mutum kusan miliyan 7 duk shekara, ta hanyar ciwon huhu, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai asma shi ne ke fara faɗa mana, amma jariri da tsoho da mai juna biyu su ma suna shaƙa.

Iyayenmu mata, a nan ina roƙonku abu ɗaya: a daina hura gawayi da leda. Na sha shiga gida na tarar da uwa ta sunkuya a kan kurfoti, leda tana narkewa tana ɗiga, ga goyo a bayanta, fuskarsa daidai inda hayaƙin ke bi. Tsinken kara, busasshen ganye ko takarda za su yi aikin. Masu shayi da masu gashi, ku ma da ku nake. Janareto kuma kada ya kwana a cikin ɗaki ko a soro a rufe, ko ana tsoron ɓarawo. Iskar da yake fitarwa mai kisa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi.

Abin da nake koya wa kowane gida ba ya buƙatar ko kwabo. A raba shara tun daga tsakar gida. Abin da ke ruɓewa, wato ɓawon kayan miya, toka, kashin dabbobi, ragowar abinci, a tara shi gefe guda. In babu leda a ciki, masu lambu da manoma za su ɗauka da murna. Ƙarfe, gwangwani da robar lemo suna da masu saye, 'yan gwangwan har ƙofar gida suke zuwa. Leda ita kaɗai a cusa ta a buhu a ɗaure baki. Wanda ya gwada zai yi mamakin ƙanƙantar abin da ya rage wanda lalle sai an kai shi wurin zubarwa. In za a kasuwa a riƙi jaka ko kwando. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, kuma ba a daina cefane a can ba.

Yashe kwata kuma a watan Afrilu ko farkon Mayu ake yin sa, lokacin da take a bushe. Kuskuren da nake gani kusan kowace Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, shi ne a yashe a tula a gefen kwatar a tafi. Awaki su baje, ƙafa ta tattake, ruwan farko ya mayar da ita inda aka ciro ta. Kada a fara yashewa sai an san baron ko motar da za ta kwashe a ranar. Mai gini kuma kada ya sauke yashi a bakin lambatu. Wanda zai shafe tsakar gidansa da siminti ya bar ko da taku uku na ƙasa, ya dasa darbejiya ko zogale ko gwanda. Wurin zai shanye wani abu daga ruwan da zai fita lungu, kuma a zafin Afrilu, lokacin da kwano ke gasa ɗaki, za a san amfanin inuwar.

Ban ce duk nauyin a kan magidanci yake ba. A Kano hukumar REMASAB ce ke da alhakin kwashe shara, amma babbar mota ba ta shiga lungun da ko Adaidaita ba ta juyawa a ciki, don haka sai an haɗa da masu baro da wuraren tarawa na kusa. A ra'ayina, cin tarar mutum kan zubar da shara alhali ba a nuna masa inda zai kai ba, zalunci ne da sunan doka. Haka kuma hana gini a kan hanyar ruwa da sauran kududdufan da suka tsira aikin hukuma ne, kuma unguwa tana da haƙƙin ta kai kuka ta hannun mai unguwa da kansila tun ana aza harsashi.

A lungun Iya, bayan wancan ruwan, mai unguwa ya tara magidanta a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i. Aka yi ta musu, wani ya ce shi ɗan haya ne, wani ya ce gidansa a tudu yake ruwa ba ya zuwa masa. Daga ƙarshe aka amince da wani matashi mai baro ya riƙa zagayawa Litinin da Alhamis, kowane gida ya ba shi ɗan abin da aka yanka. Gida biyu har yau ba sa biya. An sa wa bakin kwalbatin ragar ƙarfe da wani mai walda na unguwar ya haɗa kyauta, kuma duk bayan ruwa akwai wanda ke zuwa da manjagara ya share abin da ta tare. Da na leƙa makon jiya na tarar da Iya tana tankaɗe. Buhun hatsinta yana kan bulo huɗu da ta sa aka jera mata, ta ce ba za ta sauke shi ba sai ta ga yadda Agustan bana zai kasance.